Katin Netwok Ya Mutu, Me Ya Rage A Jikinsa?

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan fitowar sun taru ne a kan tsofaffin katunan netwok na kwamfuta, irin waɗanda ake zarewa idan sun daina aiki a jefa cikin kwali. Masu kama da juna mun haɗe su wuri guda, dogayen kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da katunan netwok guda shida masu shiga ramin PCI, duk an ce mini sun lalace. Kafin in fara ɓalle kayan jikinsu, ta yaya zan gane wanda ya mutu da gaske?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka yi dabara da ka dakata, domin ba kasafai kati ke mutuwa gaba ɗayansa ba. Gida biyu ne da shi: ɓangaren da ke magana da kwamfuta ta haƙoran nan masu ruwan zinare, da ɓangaren da ke fuskantar wayar netwok. A tsakaninsu akwai wani baƙin akwati mai ƙafafu da yawa, daf da ramin waya, taransifoma ke nan. Idan tsawa ta biyo waya, ɓangaren waje ne ke fara shan dukan, na ciki kuwa sau da yawa yana nan lafiya lau.

Fara da ido, a wuri mai haske. Nemi tabon ƙuna, ɗan huji ko kumburi a bayan babban aisi (baƙin guntun nan da ke sarrafa katin), kafasita mai kumburarren kai, ko layin tagulla da ya tsinke. Sai ka goge haƙoran da robar goge fensir, ka bi su da auduga mai ɗan sifirit. Datti a wurin nan kaɗai ya isa ya sa a jefar da lafiyayyen kati.

Kafin ka cusa shi cikin kwamfuta, sa mita a kan awon om, ka auna tsakanin ƙafar fitar wuta ta regileta (mai daidaita ƙarfin wuta) da layin GND (layin da wuta ke komawa ta kansa). Idan ka ga om 2 ko 3, akwai shot a jikinsa. Wannan kada ma ka gwada shi, zai iya ja wa madabod ɗinka lahani. Wanda ya tsallake, kashe kwamfuta, zare ta daga wuta, zaunar da shi sosai a rami, sannan ka kunna. A Linux rubuta lspci -nn. Kati mai aisin RTL8139 na Realtek, wanda ya cika ko'ina a zamaninsa, zai fito da lamba 10ec:8139. Idan ya fito, ɓangaren kwamfuta na da rai.

Saura ɓangaren waya. Samu guntuwar waya mai kan RJ45, wato kan da aka saba gani a wayar netwok, ka fiƙe ɗaya bakin, ka murɗe silin ƙafa ta 1 da na ta 3, na ta 2 da na ta 6. A katin 10/100, idan direba ta hau kuma an buɗe layin, kati zai ji muryar kansa, ƙwan da ke nuna haɗin waya ya kama. In bai kama ba, zare katin, kwance murɗin, ka auna ta kan wayar nan: tsakanin 1 da 2 ya kamata ka ga ƙasa da om 2, haka ma tsakanin 3 da 6. Tsakanin 1 da 3 kuwa, a yawancin katuna za ka ga kusan om 150, saboda rasistoci biyu masu om 75 da ke kan hanya. Idan mita ba ta motsa ba tsakanin 1 da 2, naɗin taransifoma ya tsinke. Idan duk awon ya yi daidai amma ƙwai bai kama ba, dukan ya wuce har cikin aisi.

Da ka gama za ka ga sun rabu kashi uku: masu aiki da datti ya rufe, masu rai rabi, da waɗanda sai ɓalla. Masu rai rabin ka ajiye su gefe, akwai aikinsu a ƙasa.

Tambaya: Waɗanne kaya ne suka cancanci wahalar cirewa? Kuma na ɗora ayan a kan ƙafar ramin waya har ya kusa minti guda, dalmar ta ƙi narkewa. Ayan ɗin ne ba shi da kyau?

Amsa: Babban aisin nan mai ƙafa 100 ko 128, wanda ido ke fara sauka a kansa, shi ne mafi ƙarancin amfani. Bar shi. Abin ɗauka yana kewaye da shi: taransifoma, ramin RJ45, kiristal, ɗan aisin adana bayani mai ƙafa takwas da aka rubuta wa 93C46, regileta, ƙwayayen LED, soket ɗin ROM mai ƙafa 28 ko 32, da kafasita mai 1000 pF da ke jure bolt 2,000, wadda ke kusa da ramin waya. Rasistoci masu om 49.9 ma suna da daraja wurin mai wasa da rediyo. Kafasitoci masu siffar gwangwani kuwa ba ma ba da shawarar ajiye su, ruwan cikinsu na bushewa da shekaru.

Ayan ɗinka ba shi da laifi. Abu biyu ne suka haɗu. Dalma mai gubar darma, irin ta tsofaffin katuna, tana narkewa a digiri 183. Daga 2006, da dokar Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita, masana'antu suka koma wadda sai ta kai wajen digiri 217 take sakewa. Na biyu, kunnuwan ƙarfen ramin a manne suke da faffaɗan shimfiɗar tagulla da ke cikin fanel, ita kuwa tana shanye zafi da sauri fiye da yadda siririn bakin ayan ke kawo shi.

Kada ka ƙara zafi zuwa 450, robar ramin za ta narke kafin dalmar. Sa baki mai faɗi, tsaya a wajen digiri 350, shafa fulaks, sannan ka ƙara sabuwar dalma mai darma a kan tsohuwar. Cakuɗuwar tana saukar da zafin narkewa, tana kuma kai zafi har cikin huji. Zuƙe da famfon tsotsar dalma, ka fara da manyan kunnuwa biyun, sannan ƙananan ƙafafu takwas. Tunda fanel ɗin ba za a sake amfani da shi ba, kana iya datse shi da almakashin ƙarfe kewaye da ramin. Da ka raba shi da shimfiɗar tagullar nan, aiki zai yi sauƙi ninki biyu.

Kayan da ke kwance a saman fanel, bulowa ce maganinsu: digiri 330 zuwa 350, tazarar santimita 2 zuwa 3, kana zagayawa. Jira sai dalma ta yi ƙyalli, ka ɗaga da hantsaki a hankali. Idan ya ƙi tasowa, bai yi ba tukuna. Ɓamɓara da ƙarfi shi ke karya ƙafa.

Wata kula game da regileta. Idan irin 1117 ce mai ƙafa uku da faffaɗan kunne, ƙafa ta 1 GND ce, ta 2 fita, ta 3 shiga, kuma kunnen nan fita ne, ba GND ba. Mutane da yawa na liƙa shi da GND su ƙona ta nan take. Tana son kafasita mai 10 zuwa 22 µF a bakin fita, in babu wutar ba ta tsayawa. Daga bolt 5 zuwa 3.3, da jan 300 mA, rabin wat ne ke zama zafi a jikinta, don haka ka ba kunnen tagullar da zai huce a kai.

Sa tabarau, domin narkakkiyar dalma tana tsalle. Buɗe taga, kuma ka wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Tambaya: Na cire taransifomomi huɗu. Zan iya yin ƙaramar caja da su daga wutar gida, ko in sa su a layin sauti don kashe gurnanin da ke shiga sifika?

Amsa: Caja daga wutar gida, a'a, kuma muna roƙonka kada ka gwada ko sau ɗaya. Lissafin a fili yake. Naɗin irin wannan taransifoma yana da wajen 350 µH, abin da ƙa'idar netwok mai saurin 100 ta gindaya a matsayin mafi ƙanƙanta ke nan. Turjiyar da naɗi ke yi wa wuta mai kai-komo ana samun ta ne idan aka ninka 6.28 da saurin bugun wutar da kuma girman naɗin. A wutar gida mai bugu 50 cikin daƙiƙa, abin da ke fita om 0.11 ne. Wato daidai yake da ka haɗa wayoyin soket biyu da silin tagulla mai kaurin gashi. Zai fashe a hannunka. Bolt 1,500 da ake rubutawa a takardar bayaninta awon gwaji ne na minti guda tsakanin naɗi da naɗi, ba izinin sa ta a wutar bango ba ne.

Sauti ma ba za ta yi ba, sai dai nan babu haɗari. A bugu 1,000, tsakiyar muryar mutum, turjiyarta om 2.2 ce kacal, za ta shanye sautin ta bar maka ɗan tsiwa. Amma ka haura zuwa 1 MHz, lissafi ya ba da om 2,200. Daga nan sama ne gidanta.

Don haka aikin da ya fi dacewa da ita shi ne eriyar karɓa ta gajeren zango. Kowane naɗi ƙafa uku gare shi: baki biyu da tsakiya, kuma yawan naɗin gefe da gefe ɗaya ne. Idan ka sa eriya mai hannu biyu a bakuna biyun gefe guda, wayar rediyo a ɗaya gefen, ka raba rediyon da eriyar ta fuskar wuta, kuma hayaniyar da ke biyo jikin waya daga kwamfuta da caja takan ragu. Idan kuma a gefen rediyo ka ɗauki baki ɗaya da tsakiya kawai, naɗi ya zama 1 da 2, turjiya ta zama 1 da 4, wato om 50 ya dace da om 200. Na karɓa ne kawai. Zoben da ke ciki bai fi ƙwayar wake ba, ƙarfin na'urar watsawa zai gasa shi. Ka lura kuma, na tsofaffin katuna masu saurin 10 suna da matata a ciki wadda ke danne bugun da ya haura sama, sai ka ga saman zangon ya yi rauni.

Ga wani ƙaramin aiki mai daɗi ga mai koyo, fitilar da ke tsotse ragowar batir. Ɗauki naɗi ɗaya. Tsakiyarsa ta tafi kan batir mai bolt 1.5. Baki ɗaya ya tafi ƙafar C ta taransista BC547 ko 2N3904. Ɗaya bakin ya bi ta rasista mai om 1,000 zuwa ƙafar B. Ƙafar E ta tafi gindin batir. Doguwar ƙafar farin LED a kan C, gajeriyar a kan E. Farin LED na buƙatar wajen bolt 3, amma zai kama, domin taransistar na kunnawa tana kashewa da sauri, duk sanda ta kashe kuma naɗin ya harba wutar da ya tara. Batirin da rimot ya ƙi ma zai kunna shi. Idan bai kama ba, duba jerin ƙafafun taransista, domin na BC547 da na 2N3904 a juye suke da juna. In suna daidai, koma naɗin ɗaya gefen: a gefe guda akwai ƙarin zoben tace hayaniya a kan hanya, yana iya hana sakit ɗin tashi.

Shawarar da ta fi kowace: kafin ka cire sauran, ka ɗauki hoto ka bi layukan fanel. Ƙafar da ta tafi rasista mai om 75 ita ce tsakiyar gefen waya. Bayan an cire, mita ba ta iya bambance tsakiya da baki, don tazarar awon bai kai rabin om ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina koyon Arduino. Na haɗa 93C46 yadda ake haɗa 24C02, amma ba ya amsawa. Ya ƙone ne?

Amsa: Malama, da wuya ya ƙone, harshensu ne ba ɗaya ba. A ido kamar tagwaye suke, amma 24C02 da waya biyu yake magana, 93C46 kuwa da huɗu. Jerin ƙafafunsa da aka saba: 1 CS, 2 agogo, 3 DI inda bayani ke shiga, 4 DO inda yake fita, 5 GND, 6 ORG, 7 a bar ta, 8 wuta. Kin ga GND a ƙafa ta 5 take, ba ta 4 ba. Akwai wasu 'yan ƙanana da aka juya wa jerin, don haka ki nemi takardar bayani da cikakkiyar lambar da ke jikinsa.

Cikinsa bit 1,024 ne. Idan aka ɗaga ORG zuwa wuta, ɗaki 64 ne masu bit 16. Idan aka sauke ta GND, ɗaki 128 ne masu bit 8. Wasu nau'o'in ba su da zaɓi, a tsari ɗaya aka ƙera su. Katin RTL8139 da tsarin 16 yake aiki.

Karatu kuwa haka yake. Ɗaga CS sama. Nan ne yawancin masu koyo ke tuntuɓe, domin a SPI, wani tsarin magana da aisi mai kama da wannan, sauke ta ake yi. Tura bit ɗin farawa 1, sai 1 da 0 wato umarnin karatu, sai lambar ɗaki cikin bit 6, kowane bit da bugun agogo guda. Aisin zai fara fitar da sifili ɗaya na share fage, sannan bit 16 su biyo, babba a gaba. Wanda ya manta da sifilin nan, duk lambobinsa za su goce da gurbi ɗaya. Ki karanta ɗaki na 0. Idan kika ga 8129 a lissafin heks (ƙidaya mai tushe 16), haɗinki ya yi, hatimin da aisin Realtek ke nema ke nan.

Rubutu ba ya shiga sai an buɗe ƙofa da umarnin EWEN: 1, sai 00, sai 11, sai sifili huɗu. Duk sanda wuta ta ɗauke, ƙofar na sake rufewa. Bayan kowane rubutu ki sauke CS, ki sake ɗagawa, ki jira DO ta hau sama, ko ki ba shi milisakan 10.

Gaskiya, a matsayin ma'aji bai taka kara ya karya ba: Arduino Uno na da bayit 1,024 a cikinsa, ninki takwas ke nan. Amfaninsa biyu ne. Na farko, babu abin da ya fi shi koya wa hannu tura bit ɗaya-ɗaya. Na biyu, abin da ke cikinsa. A ɗaki na 7 zuwa na 9 akwai lambar MAC ta katin, wato lambar shaidarsa a netwok, bayit shida, kuma a kowane ɗaki ƙaramin bayit ne na farko: idan lambar ta fara da 00:E0:4C, ɗaki na 7 zai nuna E000. Aisin netwok ENC28J60 da W5500 da ake haɗawa da Arduino ba sa zuwa da lambar kansu, sai ki ba su wannan tunda mai ita ya yi ritaya. Ki kwafe ta a takarda kafin ki fara gwajin rubutu.

Tambaya: Kiristal ɗin da na ciro an rubuta masa 25.000. Idan na sa shi a madadin na Arduino, zai ƙara sauri?

Amsa: Kada ka sa. Iyakar ATmega328P, aisin da ke kan Arduino Uno, 20 MHz ce, ita ma sai wuta ta kai bolt 4.5 zuwa sama. A 25 yana iya tashi yau ya ƙi gobe. Na tsofaffin katuna masu saurin 10 shi ne 20 MHz, ya shiga ƙa'ida, da kafasita biyu masu 22 pF. Amma sai ka sanar da manhaja, domin an tsara Uno a kan 16 ne. In ba haka ba, duk lissafin lokaci zai goce da kashi 25 cikin 100, rubutun da ke zuwa kwamfuta ya zama shirme. Mai 25 ɗin ka adana shi, shi ENC28J60 da W5500 ke so, aisin samar da bugun agogo Si5351 ma na karɓarsa.

Mita ba ta gwada kiristal kai tsaye. Ka ɗauki ƙofa ɗaya ta 74HCU04, sa rasista mai om miliyan 1 da kiristal ɗin tsakanin shiga da fitarta, kafasita mai 22 pF daga kowane gefe zuwa GND, duk da gajerun ƙafafu. Bi da shi ta ƙofa ta biyu zuwa aisin raba bugu 74HC4040, ka auna ƙafar da ke raba bugu gida 4,096 da mita mai awon Hz. Lafiyayyen 25 MHz zai ba da wajen 6,103, mai 20 kuma 4,883.

Tambaya: Ba za a iya haɗa katin gaba ɗaya da Arduino ya samu intanet ba?

Amsa: Na PCI, ka cire rai. Layuka 32 ne da ke ɗaukar adireshi da bayani bi da bi, a kan agogon 33 MHz, ga kuma doguwar gaisuwar saiti kafin kati ya fara aiki. Na PCIe ya fi haka nisa.

Wanda ke yiwuwa shi ne kakansu, katin ISA mai aisin RTL8019AS, mai bin tsarin NE2000. Da bolt 5 yake aiki, yana da ma'ajin 16 KB a cikinsa, kuma yana yarda da bit 8. Ƙafa 16 za ka ba shi: takwas na bayani, A0 zuwa A4, IOR, IOW da RESET. Don ya zauna a adireshin 300 na heks, ɗaure A8 da A9 a bolt 5, sauran layukan adireshi da AEN a GND. Inda ake makalewa shi ne idan an bar katin a tsarin da kwamfuta ke zaɓa masa adireshi, sai ya yi shiru har a gyara saitin da ke cikin 93C46 ɗinsa. Ka kuma tuna cewa Uno bayit 2,048 gare shi na aiki, alhali ƙunshin netwok guda na kai 1,518. Aikin koyo ne mai kyau, amma wanda intanet kawai yake so ya nemi W5500.

Idan katin ISA ɗin na da zagayayyen kan BNC, duba wani baƙin bulo kusa da shi. Na'urar juya wuta ce mai fitar da bolt 9 a ware daga wutar shiga, an sa ta ne don aisin layin kowaks. Wasu bolt 5 suke ci, wasu 12, sai ka bi layi ka tabbatar. Tana da amfani duk inda ake son wutar da ba ta haɗa GND da sauran sakit ba.

Su kuma masu rai rabin da muka ce a ajiye, ga aikinsu. Soket ɗin ROM ɗinsu na iya zama na'urar karatu da rubuta filash. Manhajar flashrom ta san RTL8139 da 3C905B na 3Com. Kashe kwamfuta, zaunar da aisin filash a soket mai ƙafa 32, tsagar kansa ta dace da ta soket, kunna, ka rubuta flashrom -p nicrealtek -r da sunan fayil (a katin 3Com, nic3com za ka sa maimakon nicrealtek). Iyakarsa 128 KB. Ka fara auna wutar soket ɗin, kada ka ba aisin bolt 3.3 wutar bolt 5.

Tambaya: Ina son in yi amfani da ramukan RJ45 da wayar netwok in kai na'urar auna zafi nisan mita 30. Na gwada da I2C, ya ƙi.

Amsa: Da farko tabbatar ramin fanko ne. Akwai masu taransifoma a cikinsu, dogaye ne kuma sun fi nauyi, wuta madaidaiciya ba ta ratsa su. Sa waya, ka auna daga kowane sili zuwa ƙafarsa ta baya. In ba su haɗu ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai yi ba.

I2C kuwa, wato tsarin waya biyu irin na 24C02, ba don nisa aka yi shi ba. Ƙa'idarsa ta tsaya a 400 pF, wayar netwok kuma na ƙara wajen 50 pF a kowace mita, ka ga a mita 8 an cinye kason. A mita 30 gefen siginar ya kwanta, agogo da bayani sun rikice. Koma na'urar auna zafi DS18B20: layin bayani da GND su zama a tagwayen sili guda, wuta a wani silin, rasista mai om 4,700 daga bayani zuwa wuta. In karatu na yankewa, sauke ta zuwa 2,200. Nisan da ya wuce haka, ko wuri mai injina, aisin aika bayani nesa MAX485 guda biyu ne amsar, da rasista mai om 100 zuwa 120 a kowane ƙarshe.

Lissafa faɗuwar wuta ma. Kowane sili na da wajen om 2.5 a mita 30, zuwa da dawowa om 5. Abin da ke jan 200 mA zai rasa bolt 1 a hanya. Ka haɗa sili biyu-biyu don wuta da GND, asarar ta ragu da rabi. Sannan ka manna gargaɗi a jikin ramin, domin wata rana wani zai cusa masa wayar netwok ta gaske, wasu layukan kuwa na ɗauke da bolt 24 ko 48 a kullum ba tare da sun tambayi abin da aka haɗa musu ba.

Tambaya: An ce akwai zinare a haƙoran katin. Yaya ake tace shi?

Amsa: Akwai, amma shafe ne da bai kai kaurin gashi ba ko kusa. A kati shida ko ashirin, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Hanyar tacewa da ruwan asid mai ƙarfi take, hayaƙinsa na cin huhu, ragowar ruwan kuma guba ne ga ƙasa da rijiya. Ƙona fanel a wuta ya fi wannan muni. Ba za mu ba da matakansa ba. Ka tara fanel ɗin da ka gama ɓalla, ka miƙa wa masu karɓar sharar lantarki.

Tambaya: Nawa na Wi-Fi ne, ɗaya na laftof, ɗaya na babbar kwamfuta mai eriya biyu. Akwai abin ɗauka?

Amsa: Eriyoyin da siraran wayoyinsu su ne ribar. Ɗan maɓallin da ke manne a kati sunansa U.FL, kuma shi ne a jikin ESP32-WROOM-32U, sai ka ɗora kai tsaye tunda duk a 2.4 GHz suke. Ɗaga shi a miƙe da hantsaki, kada ka ja ta waya. An ƙera shi ne don cirewa da mayarwa wajen sau 30. Na katunan M.2 ya fi ƙanƙanta, MHF4 ne, ba ya hawa kan U.FL ko an danna. Ka kuma leƙa cikin mazagin eriyar. Na Wi-Fi yawanci RP-SMA ne, huji gare shi a tsakiya inda SMA ke da allura. Zaren ɗaya ne, za su ɗauru tsaf, amma idan huji ya gamu da huji babu abin da ke wucewa.

Na laftof ɗin, idan mini PCIe ne mai haɗe da Bluetooth, sau da yawa ɓangaren Bluetooth ta USB yake magana, kuma yana iya rayuwa bayan Wi-Fi ya mutu. Ƙafa ta 36 ita ce D−, ta 38 D+, wuta a ta 2 da ta 52, GND a ta 4 da ta 50. Bolt 3.3 yake ci, don haka jar wayar USB ta fara bi ta regileta 1117 ɗin da ka ciro daga katin waya, kada ta taɓa shi kai tsaye. Wayoyin D biyun su zama gajeru, a murɗe da juna. Haɗa eriya, cusa a kwamfuta, ka rubuta lsusb. Idan bai fito ba, musanya D+ da D− shi ne kuskuren da aka fi yi, sai ka fara dubawa daga nan.